Farantin Ƙarfen da Ya Maye Gurbin Ɗaki: Tarihin EMT 140

Duk wanda ya taɓa ɗaga murya a cikin ɗakin da aka kwashe kayansa ya san cewa sauti ba ya mutuwa da zarar an rufe baki. Yakan bugi bango ya dawo, ya bugi rufi ya sake dawowa, har dawowar ta cuɗe ta zama jela guda mai dusashewa a hankali. Wannan jela ta bambanta da amsa-kuwwa irin ta gindin dutse, wadda ke maido da kalma sarai a ji ta sau biyu. Mutumin da ya fara auna ta a kimiyyance shi ne Wallace Sabine na Jami'ar Harvard, wanda aka ɗora wa aikin gyara wani zauren lacca a 1895, saboda kalma ɗaya takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo a cikinsa, ɗalibai ba sa fahimtar malami. A wurin Sabine jelar amo cuta ce mai neman magani. Bayan shekara hamsin, masu ɗaukar waƙa a faifai suka koma suna nemanta ruwa a jallo.

Dalilinsu a fili yake. Situdiyo ɗaki ne da ake lulluɓe wa bango don kashe amo, ana kuma kafa makirfo daf da bakin mawaƙi. Muryar da ke fitowa daga nan tsaf take, amma a bushe, tamkar mutum yana waƙa cikin bargo. Dabarar farko ita ce a ware wani ɗaki mai sumul ɗin bango, a sa lasifika a gefe guda da makirfo a ɗaya gefen, a tura muryar ciki, a ɗauko jelar a gauraya da ta asali. A 1947 Bill Putnam na Chicago ya yi haka da ɗakin wanka a wani faifan ƙungiyar Harmonicats, faifan kuwa ya yi kasuwa ƙwarai. Kamfanin Capitol da ya gina hedikwatarsa a Hollywood a 1956 sai ya haƙa ɗakunan amo na kankare, kimanin ƙafa 30 a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai ba kowa ke da fili da kuɗin yin haka ba, kuma ɗaki idan an gina shi an gama: tsawon jelarsa ɗaya ne, ko waƙar mai sanyi ce ko mai zafi. Akwai kuma dabarar murɗaɗɗiyar waya da kamfanin Hammond ya sa a kayan kiɗansa, mai araha, amma sautinta yana da wata ƙara ta ƙarfe da ba ta ɓoyuwa.

Mafita ta fito daga Jamus ta Yamma. Kamfanin EMT, wanda Wilhelm Franz ya kafa a Berlin a 1940 kafin ya koma garin Lahr, ya riga ya yi suna wajen ƙera injinan juya faifai na gidajen rediyo. A 1957 ya fitar da EMT 140, bisa binciken Dakta Walter Kuhl, masanin sauti da ke aiki da cibiyar binciken fasaha ta gidajen rediyon Jamus. Abin da ke cikin akwatin ba shi da wani kwarjini a ido: fallen ƙarfe ne mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, kaurinsa rabin milimita kacal, an ɗame shi a tsaye cikin firam. An manna masa wata na'ura mai kama da zuciyar lasifika, wadda ke karɓar sauti ta girgiza ƙarfen. Girgizar takan bazu zuwa gefuna ta dawo, ta sake bazuwa, wata ƙaramar na'ura kuma tana ɗaukar ta tana mai da ita sauti. A 1961 aka ƙara na'urar ɗauka ta biyu domin sautin sitiriyo. Dukan akwatin ya kai kilo 270, nauyin da a yau za a yi wa dariya, amma a lokacin an ɗauke shi abu mai sauƙi, tunda abokin gwajinsa ɗaki ne sukutum.

Babban abin da ya sayar da shi shi ne wani allo mai shanye sauti da ke tsaye daura da farantin ba tare da ya taɓa shi ba. Idan aka matso da allon, jelar ta gajarta zuwa kusan daƙiƙa 1. Idan aka janye shi, ta kai wajen daƙiƙa 5. Da murɗa hannu ɗaya injiniya ya sami abin da magini ba zai iya ba shi ba.

Amma farantin bai taɓa yin sautin ɗaki na gaskiya ba, kuma a nan ne tarihinsa ya fi ban sha'awa. A cikin ɗaki, sauti yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya kai bango, sannan dawowar farko-farko sukan iso ɗaya bayan ɗaya. Da su ne kunne ke gane girman wuri da nisan mai magana. A jikin farantin ƙarfe kuwa girgiza tana cika ko'ina kusan nan take, ba a jin waɗannan dawowar a rarrabe. Ga shi kuma siraran sautuka sun fi kaurara gudu a cikinsa, shi ya sa jelarsa ke fitowa da ƙyalli. Sakamakon shi ne amo mai kauri da santsi wanda ba ya gaya wa kunne ko wane irin wuri ake ciki. Da Sabine ne zai auna shi, da ya kira wannan nakasu. Masu haɗa waƙa kuwa sai suka ga abin da suke nema ke nan: murya ta yi jiki da haske, ba tare da ta ja da baya can ƙuryar zaure ba.

Daga nan al'adar da har yau ake koyarwa ta samo asali. Ana ɗora faranti a kan muryar jagoran waƙa, da ƙaramar gangar nan ta Turawa mai wayoyi a gindi, wadda bugunta gajere ne mai buƙatar jela, da kuma kayan busa. Ana guje masa a kan kayan kiɗa masu kaurin sauti, domin ƙarfen yakan riƙe kaurin ya daɗe yana gurnani har waƙa ta dagule. Haka nan idan ana so mai sauraro ya ji kamar yana zaune a zaure gaban makaɗa, faranti ba shi ne abin ɗauka ba. Injiniyoyi sun kuma koyi bi da sautin ta cikin injin tef kafin ya isa farantin, don a sami ɗan jinkiri tsakanin kalma da jelarta, baƙaƙen kalmar su fita kafin amo ya rufe su. A situdiyon Abbey Road na Landan, inda aka girke faranti huɗu, aka yi amfani da su a ayyukan Beatles da kuma The Dark Side of the Moon na Pink Floyd a 1973, ana rage kauri da tsananin sirantar sautin da za a tura wa amo, dabarar da har yanzu ake kira da sunan wurin.

Kula da shi ma aiki ne. Farantin yana jin hayaniyar waje, don haka dole a keɓe masa ɗaki mai shiru, wato dai ɗakin da aka gudu bai tafi gaba ɗaya ba. Sai kuma an daidaita ɗaurinsa a kusurwoyi kamar yadda makaɗi ke ɗame fata, shi ya sa da wuya a sami biyu masu sauti iri ɗaya.

EMT da kansa ya soma tona ramin abin da ya ƙera. A farkon shekarun 1970 ya fitar da EMT 240, ƙarami mai amfani da siririn fallen zinariya, sannan a 1976 ya kawo EMT 250, wanda ke lissafa amo da lantarki ba tare da wani ƙarfe mai girgiza ba. Lexicon 224 ya biyo baya a 1978. Waɗannan injina suna iya kwaikwayon zaure da ɗaki, amma masu saye ba su yarda a bar su haka ba: kunnuwa sun shafe shekara ashirin suna jin muryoyi cikin ƙyallin ƙarfe, har sun ɗauke shi sautin waƙa na asali. Dole aka rubuta wa sababbin injinan lissafin da zai kwaikwayi farantin, wanda shi ma an ƙera shi ne don ya kwaikwayi ɗaki. Wannan zaɓi ne ya gangaro cikin manhajojin haɗa waƙa na kwamfuta, inda matashin da ke aiki a ƙaramin situdiyo a Yamai, Kumasi ko Kano yake tarar da kalmar Plate a jerin nau'o'in amo, tare da maɓallin tsawon jela da na jinkiri, waɗanda suka gaji aikin allon Lahr da injin tef.