Daga Kejin Kanari Zuwa Bakin Fensir: Tarihin Masu Sansanar Iska

A watan Disamba na 1986 aka sallami wasu ma'aikata daga ramukan haƙar kwal na Birtaniya, ba fansho, ba garatuti. Tsuntsaye ne, kanari, irin wanda ake sawa a keji don daɗin kukansa. Shekaru da dama suna bin mahaƙa cikin ƙasa, aikinsu ɗaya: su riga mutum faɗuwa idan iska ta ɓaci. Dabarar ta fito ne daga wani masani ɗan Sikotlan, John Scott Haldane, wanda ya binciki fashewar da ta auku a ramin Tylorstown na yankin Wales a 1896. Ya gano cewa yawancin mamatan ba wuta ce ta kashe su ba, iska mai guba ce. Ƙaramar halitta tana numfashi da sauri, guba kuwa ta fi saurin kayar da ita. Da zarar kanari ya yi shiru ya kife, sai kowa ya yi ta kansa.

To amma akwai iskar da wannan dabara ba ta iya kamawa. Masana na kiran ta NO2, wato naitirojin dayokzaid. Idan ta yi yawa tana da launin ja-ja mai duhu da wari mai yaji, kuma tana tashi bayan an fasa dutse da nakiya. Makircinta shi ne jinkiri. Mutum zai shaƙe ta, ya ɗan yi tari, ya koma gida lafiya lau har ya ci tuwonsa, sai bayan awoyi huhunsa ya cika da ruwa.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta ranar 15 ga Mayu, 1929, lokacin da tarin fim ɗin hoton ƙashi ya kama da wuta a ƙarƙashin asibitin Cleveland Clinic. Hayaƙin, wanda ke ɗauke da wannan iska da wasu guba, ya bi bututu ya cika benaye, mutum 123 suka rasu. Wasunsu da ƙafarsu suka fita daga ginin kafin mutuwa ta cim musu. Manoman ƙasar ma sun san ta, domin ɗanyar harawar masara da ake cusawa cikin dogayen rumbuna tana fitar da ita a kwanakin farko, kuma da yake ta fi iska nauyi sai ta kwanta a saman harawar tana jiran mai shiga. A 1956 likitoci suka raɗa wa abin suna, ciwon masu cika rumbu.

Kafin nan, a 1937, kamfanin Dräger na Jamus ya fito da ɗan bututun gilashi mai hoda a ciki, wadda ke canza launi idan an zuƙo gurɓatacciyar iska. Yana aiki, har gobe ana amfani da shi, sai dai sau ɗaya ne a yar.

Babban sauyi daga Japan ya zo. A 1962 Tetsuro Seiyama ya nuna cewa idan aka ɗumama siririn shafe na wani sinadarin ƙarfe, yadda lantarki ke ratsa shi yana canzawa gwargwadon iskar da ta taɓa shi. A shekarar ce kuma Naoyoshi Taguchi ya nemi rajistar irin wannan dabara, kuma zuwa 1968 na'urarsa ta shiga kasuwa don gano yoyon gas ɗin girki. Abin da ya yi amfani da shi ba baƙo ba ne ga mutanen Jos: sinadarin da ke cikin kuza ne, wanda aka tace. Yadda abin yake da NO2 mai sauƙin fahimta ne. Iskar ɓarauniya ce, tana sauka a kan sinadarin ta wawushe ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, wuta ta ragu, mita ta nuna. Matsalar ita ce sai an gasa na'urar ta kai zafin digiri ɗari uku ko fiye, abin da ke cinye batir kamar ba gobe.

Tunda a saman fatar sinadarin ake cinikin, hankali ya ba da cewa a ƙara yawan fatar. Dunƙulen gishiri da dakakken gishiri ba ɗaya suke narkewa a miya ba. Nan aka shiga duniyar nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi guda kuwa ya kai nanomita dubbai goma-goma. A 1991 Sumio Iijima ya bayyana wasu ƙananan bututu na kabon, sinadarin gawayi, kuma a 2000 ɗaliban Hongjie Dai a Jami'ar Stanford suka ɗora guda ɗaya tsakanin wayoyi biyu suka busa masa NO2. Cikin daƙiƙoƙi wutar da ke ratsa shi ta ninka har kusan sau dubu, ba tare da an ɗumama komai ba.

Sai kuma labarin fensir. A 2004, a Jami'ar Manchester, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓare irin sinadarin bakin fensir da salatif har suka sami shafi mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, wanda ake kira girafin. Shi ba ciki gare shi ba, duk jikinsa fata ce. A 2007 suka ba da rahoton cewa ɗan guntunsa yana jin saukar ƙwayar NO2 guda ɗaya da tashinta. Iyakar jin ƙamshi ke nan, babu gaba. A 2010 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel.

Wanda ya ji haka zai zaci magana ta ƙare. Ina! Hancin da ke jin komai shi ne kuma ke ruɗewa. Laimar damina tana canza lissafinsa, iskar ozon tana yi masa shigar burtu, sannan NO2 idan ta manne ba ta son sauka. Bututun Stanford sai da ya ɗauki awoyi kafin ya koma daidai. Shi ya sa hukumomi har yanzu suke dogara da manyan akwatunan awo masu tsada, ƙananan kuwa sai an riƙa gwada su da na manya.

Buƙatar ce dai ta ƙaru. Yau ba a rami ko rumbu kaɗai iskar take ba, har a bakin titi take, daga salansar motocin dizal, da janareta, da murhun gas a kicin marar taga. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta amince da shi na shekara daga maikurogiram 40 zuwa 10 a kowace kubik mita ta iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoso bayan tirela ya shaƙi rabonsa, kuma ƙananan na'urorin nan masu arha su ne hanya mafi kusa ta sanin nawa ne rabon.