Adon Harshe: Koyar da Yara Kamantawa da Siffantawa

Adon harshe shi ne faɗin abu da hoton wani abu dabam domin ma'ana ta zauna a zuciya. Masana Hausa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, Kano, sun karkasa shi gida-gida, amma biyu sun fi shafar malamin Makarantar Lahadi. Kamantawa tana zuwa da kalma mai nuna ta: kamar, tamkar, sai ka ce, ko "awa" a bakin mutanen Kabi da Sakkwato. Siffantawa kuwa ba ta da wannan alama. Kai tsaye ake cewa wane zaki ne. Ita ce ta fi rikita ƙananan yara, domin sukan ɗauki magana yadda ta fito.

Mu fara da abin da yaro ya riga ya sani. Ɗan Argungu ya san giwan ruwa, babban kifin da masunta ke alfahari da shi a bikin kamun kifi na Matan Fada, bikin da aka soma a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Sai mu tambaye shi: kifin nan yana da haure? Yana da hanci irin na giwa? Zai yi dariya ya ce a'a, girma ne. Shi ke nan, ya gano da kansa cewa siffantawa hali ɗaya take ɗauka, ta bar sauran. Haka bakin kogi, haka kan dutse. Kacici-kacici ma wannan horon yake yi, kuma bai kamata mu raina shi ba.

Daga nan mu shiga Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkensa ya fito da Hausa a 1932. A Markus 1:17 Yesu ya kwatanta aikin almajiransa da su. A nan sai malami ya yi hattara, domin ɗan masunci ya san kifin da ya shiga koma tukunya zai ƙare. Idan ba mu tambayi ajin abin da aka ɗauka da abin da aka bari ba, wato fita nema da haƙuri da tattarowa, ban da mutuwar kifin, wani yaro zai koma gida da tsoro bai faɗa wa kowa ba.

Wani hoton kuma baƙo ne. Ishaya 1:18 ya ambaci dusar ƙanƙara, wadda yaran Birnin Kabi ba su taɓa gani ba. Ba ma canza nassi. Muna ajiye auduga ko sabuwar shinkafa da aka cashe kusa da shi, su ga farin da ake nufi.

Ikkilisiyoyinmu suna da yaran da harshen gidansu Dakarci ne ko Kambarci, Hausa ta biyu ce. Mu roƙi iyayensu su kawo kwatancin da ake yi a gida, yaron ya faɗa wa aji da bakinsa.