Yadda Ƙafa Ta Karɓi Aikin Hannu: Tarihin Amsa-Kuwwar Jita a Kan Dandamali

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa kusa da dandamali kana kallon makaɗin jita, wataƙila ka lura idonsa yakan sauka ƙasa jefi-jefi, ƙafarsa ta taka wani ɗan akwatin ƙarfe, nan take sautin ya sauya. Kiɗan da ɗazu yake fitowa a bushe sai ya riƙa maimaita kansa, kamar wanda ya yi kira a tsakanin duwatsu suka amsa masa. Wannan taku ɗaya da ake yi cikin ƙiftawar ido ya ci wa maƙera da makaɗa kusan shekara hamsin kafin ya daidaita.

Tushen matsalar a fili yake: makaɗin jita ba shi da hannun da ya rage. Ɗaya yana danne tsarkiya, ɗayan yana kaɗawa, in kuwa ya saki ɗaya ko da na sakan biyu ne, kiɗa ya yanke a gaban jama'a. Mu da muka tashi muna jin kalangu mun san irin wannan larura da maganinta, domin makaɗin kalangu da hammata yake matse igiyoyin gangarsa ya ɗaga murya ko ya sauke ta, hannuwansa kuma suna kan aikinsu. Tela ma da ƙafa yake juya kekensa don hannu ya samu damar bi da yadi. Makaɗan jita na Amurka da Turai ƙafa suka nufa su ma, sai dai sun yi doguwar tafiya kafin su isa.

Abubuwa uku ake sarrafawa a na'urar amsa-kuwwa. Akwai tazarar lokaci tsakanin sautin asali da maimaicinsa, akwai yawan maimaicin kafin ya dushe, sannan akwai ƙarfin maimaicin in an gwada shi da sautin asali. Na ukun nan ne ya fi ba makaɗi wahala a gaban taro. Ƙarfin da ya dace lokacin da jita ke magana ita kaɗai yakan zama hayaniya da zarar mawaƙi ya buɗe baki, har kalmomin waƙa su nutse a ciki. Don haka tilas ne a riƙa ɗaga shi ana sauke shi a tsakiyar waƙa ɗaya.

Asalin abin a situdiyo aka fara shi, da zaren tef irin na kaset. Na'urar naɗar sauti tana da kai ɗaya da ke rubuta sauti a kan zaren, da wani kai a gaba kaɗan da ke karanta shi. Ɗan lokacin da zaren ke ɗauka kafin ya taso daga kan farko zuwa na biyu shi ne jinkirin da kunne ke ji a matsayin amsa-kuwwa. Les Paul ya yi ta gwada wannan dabara a farkon shekarun 1950. A birnin Memphis kuma Sam Phillips ya haɗa na'urorin Ampex guda biyu ya samar da gajeriyar amsa-kuwwar nan da ta zama tambarin faya-fayan Elvis Presley na farko a 1954. Amma injiniya ne mai riƙe da ragamar. Da makaɗi ya bar situdiyo ya hau dandamali, sautin da mutane suka saba ji a faifai sai ya ɓace masa.

Wani mai shagon kayan kiɗa a jihar Illinois, Ray Butts, shi ya fara toshe wannan kafa. Ya ƙera lasifikar jita mai suna EchoSonic wadda ya dasa wa zoben tef a cikinta. Chet Atkins ya saya, haka ma Scotty Moore, makaɗin jitar Elvis, a 1955. Da hannu ake haɗa kowace ɗaya, kuma duka-duka ba su kai 70 ba. Bayan haka ne kasuwa ta buɗe. A Landan Charlie Watkins ya fito da Copicat a 1958. Mike Battle ya tsara Echoplex a 1959, wadda ake zame kanta ɗaya gaba ko baya don a sauya tazarar lokaci. Kamfanin Binson na birnin Milan a Italiya ya maye gurbin tef da faifan ƙarfe mai juyawa, na'urar da 'yan ƙungiyar Pink Floyd suka shahara da ita. A 1974 kuma kamfanin Roland na Japan ya fito da Space Echo.

Duk waɗannan akwatuna ne masu nauyi da ake ɗorawa bisa lasifika a bayan makaɗi. Abin da ƙafa ke iya yi musu bai wuce kunnawa da kashewa ba. Wanda yake son ƙara ƙarfin maimaici ko rage shi sai ya juya wa jama'a baya ya murɗa da hannu, ko ya jira waƙa ta ƙare. Ga shi zaren tef yana cinyewa, wani lokaci ma ya tsinke ana tsakiyar wasa.

A daidai wannan zamani wani injiniya a birnin Kingston na Jamaika ya nuna wa duniya abin da amsa-kuwwa za ta iya in ta samu hannun da ba ya aikin komai sai ita. King Tubby, a ɗan situdiyonsa na unguwar Waterhouse a shekarun 1970, yakan zaɓi kalma ɗaya ta mawaƙi ko bugun ganga ɗaya ya jefa shi cikin maimaici, ya bar sauran kiɗan a sarari. A hannunsa amsa-kuwwa ta zama abin kaɗawa, ana buɗe ta ana rufe ta gwargwadon buƙatar kowane layi. Wannan 'yancin ne makaɗin jita ya rasa, saboda Tubby zaune yake gaban teburinsa da hannu biyu, shi kuwa makaɗi yana tsaye hannuwansa a ɗaure.

Amsar kuwa tana nan tun da daɗewa a ƙarƙashin ƙafafun wasu makaɗan. A 1712 Abraham Jordan ya sanya wa babbar ogan ta cocin St Magnus da ke Landan wata feda da ke buɗe akwatin bututai ko ta rufe shi, sauti ya ƙaru ko ya ragu. Fiyano ma da fedoji ya girma. A shekarun 1940 kamfanin DeArmond na Amurka ya soma sayar wa makaɗan jitar lantarki fedar ƙara ƙarfin sauti, irin wadda ake lilo da ita tsakanin diddige da yatsu kamar totur ɗin mota. Fedar wawa da Jimi Hendrix ya yi suna da ita, wadda ta shiga kasuwa a 1967, a kan irin wannan ƙirar aka gina ta. Ke nan ƙafa ta riga ta koyi aikin. Abin da ya rage shi ne na'urar amsa-kuwwa ta ƙanƙance har ta sauko ƙasa.

Hakan ta faru ne bayan da wasu masana biyu na kamfanin Philips a ƙasar Holan, Sangster da Teer, suka ƙirƙiro wani ɗan guntun lantarki a 1969. Yadda yake aiki ya yi kama da yadda mutanen unguwa kan jeru suna miƙa wa juna bokitin ruwa in gobara ta tashi: sauti yana bi ta ɗaruruwan ƙananan ma'ajiyai ɗaya bayan ɗaya, ya fito a makare, kuma ya ɗan zube a hanya, shi ya sa maimaicinsa ke fitowa da duhu-duhu. Da wannan aka yi Memory Man a 1976 da Boss DM-2 a 1981, wadda iyakar jinkirinta kashi 300 ne cikin 1000 na sakan. Ba da jimawa ba DD-2 mai aiki da lissafin kwamfuta ta biyo baya, ta kai kashi 800.

To, akwati ya sauko ƙasa, amma maɓallan murɗawarsa na yatsun hannu ne. Makaɗa sai suka shiga dabaru. Wasu sukan tura maɓalli da bakin takalmi. Wasu sukan sayi na'ura biyu, ɗaya mai sauƙin maimaici don raka mawaƙi, ɗayar mai ƙarfi don lokacin da jita za ta yi magana. Wasu kuma suka gano cewa inda aka ajiye fedar ƙarfin sauti yana da muhimmanci ƙwarai. In tana gaban na'urar amsa-kuwwa, makaɗi zai iya rufe sabon sauti ya bar tsohon maimaici ya dushe a hankali. In tana bayanta, taku ɗaya zai datse komai kamar an rufe ƙofa.

Shekarar 1983 ta zo da MIDI, wato yare ɗaya da kayan kiɗan lantarki na kamfanoni daban-daban suka amince su yi magana da shi. A tsarinsa ana fassara motsin feda zuwa lambobi daga 0 zuwa 127, don haka ana iya ɗaura feda ɗaya a kan kowane maɓalli da ake so. A 1985 kamfanin TC Electronic na ƙasar Denmak ya fito da na'urar 2290, wadda ke iya sauke maimaici da kanta muddin makaɗi yana kaɗawa, ta sake ɗaga shi da zarar ya tsagaita. Sai dai waɗannan kaya ne masu tsada da manyan taurari ke yawo da su cikin akwatuna.

Ƙaramin makaɗi ya samu rabonsa ne a shekarun 1990. Boss DD-5 ta 1995 ta ba shi damar buga ƙafa daidai da gudun ganga, na'ura ta lissafa tazarar da kanta. Amfanin wannan a bayyane yake: in waƙa tana tafiya da bugu 120 a minti ɗaya, rabin sakan ne tsakanin bugu da bugu, in kuwa mai ganga ya ɗan ƙara sauri, kamar yadda ɗan Adam kan yi in taro ya yi daɗi, maimaicin da aka saita tun a gida zai fara karo da kiɗan. Sannan a 1999 Line 6 DL4, koriyar akwatin nan mai matakai huɗu, ta zo da wurin jona feda. Makaɗi zai ajiye saiti ɗaya a diddige, wani a yatsu, duk abin da ke tsakani kuma yana ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Abin da King Tubby ke yi a zaune, yanzu makaɗi yana iya yinsa a tsaye ba tare da ya saki tsarkiya ba.

Duk da haka, feda ba ta san inda ya kamata a yi shiru ba. Duk wanda ya taɓa zama a wajen biki inda aka cika wa lasifika amsa-kuwwa har ba a gane sunan ango ya san cewa yawan maimaici yana cinye magana. Don haka in ka sake samun kanka gaban dandamali, ka ɗan sauke ido daga yatsun makaɗin ka dubi ƙafarsa. Gwani za ka ga diddigensa ya koma ƙasa tun kafin mawaƙi ya ja numfashin shiga baiti, sai an kai gaɓar da jita za ta amsa sannan ya tura yatsu gaba.