Daga Zango Zuwa Tasha: Tarihin Reluwe a Kan Allon Katako

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane, akasarinsu magidanta da dattawa, waɗanda suke ɓatar da shekaru suna shimfiɗa layin dogo a cikin ɗaki. Jiragensu ba su wuce tsawon tafin hannu ba, amma suna tafiya da lantarki, suna jan taragai, suna tsayawa a tasha. Tun 1934 suke da mujallarsu mai suna Model Railroader, a 1935 kuma suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya domin daidaita ma'auni, yadda taragon wani kamfani zai hau layin wani. Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne wanda suke kira HO, inda ake rage girman kowane abu sau 87. Mai koyo yakan fara ne da allon katako mai faɗin ƙafa huɗu da tsawon ƙafa takwas. In aka mayar da tsawon nan zuwa girman gaske, mita 212 ne kacal, kamar filin ƙwallo biyu a jere.

Wannan ƙarancin fili shi ne malaminsu. Wani gwaninsu, John Armstrong, wanda ya fitar da littafi a kan tsara layi a 1963, yakan sa mutum ya rubuta abu biyu kafin ya taɓa guduma: abin da ya zame masa dole, irin su girman ɗaki da ƙarfin aljihu, da kuma abin da ransa ke so. Bayan an tankaɗe an rairaye, tambaya biyu ce ke saura. Me jirgin zai ɗauka, kuma ina zai tsaya? A ganina, da waɗannan tambayoyi biyu ana iya karanta tarihin reluwe a ƙasar Hausa tun daga farkonsa, kuma mutumin Zangon Daura, wanda jirgi bai taɓa yi wa kuka a bayan gari ba, yana da dalilin karanta shi fiye da kowa.

Sunan garin ma ya isa shaida. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya, kuma madugu ba ya zaɓensa don sha'awa. Sai inda akwai rijiya, da ciyawar da raƙuma da jakuna za su ci, da sarkin da zai ba da amana. Ɗaya daga cikin hanyoyin fatake daga Kano zuwa Damagaram, har Agadas da Turabulus, ta ƙasar Daura ta ratsa. A Zango ne wani reshe na tsohon gidan sarautar Daura ya zauna bayan jihadi, har zuwa 1906 da Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa suka mai da shi gadon kakanninsa. A shekarun nan ne kuma Ingila da Faransa suka sake zana iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, domin Faransawa sun kafe sai an ba su hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Wato su ma lissafin madugu suka yi. Iyakar ta raba ƙasar Daura biyu, ta bar Zango a bakin gaɓa.

Shekara ɗaya bayan dawowar Malam Musa, a 1907, aka turo Percy Girouard ya shugabanci Arewa. Injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa wa Kitchener layin dogo a hamadar Sudan. Abin da ya zame masa dole shi ne ƙarancin kuɗi, don haka aka ɗauki siririn layi mai faɗin ƙafa uku da rabi, aka fara daga Baro a bakin Kwara, aka kuma ɗora nauyin haƙa da dako a kan talakawan da sarakuna suka tara, da yawansu ba da son ransu ba. Layin ya isa Kano a 1911, shekarar da Sarki Abdurrahman ya hau gadon Daura. A 1912 aka haɗe shi da layin Ikko ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Abin da ran Turawa ke so kuwa auduga ce, domin masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Auduga tana da masu sayenta a gida, masaƙa da marina, gyaɗa kuwa ta fi sauƙin noma a jigawa, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta. Cikin damina biyu gyaɗa ta cika tashar Kano. Ayarin Turabulus, wanda dama ya fara rauni, bai daɗe ba ya mutu, saboda kayan da ke cin watanni a bayan raƙumi yanzu suna isa teku cikin 'yan kwanaki.

Daga nan duk inda aka miƙa layi, kaya aka bi. An ja wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos domin kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. An ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Duba taswira ka gani: hannu ɗaya ya miƙe yamma, ɗaya gabas, Katsina da Daura suna tsakiya ba wanda ya taɓa su. Gyaɗar Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, da ta Magarya da Matamaye a hayin iyaka, sai ta yi tafiyar fiye da kilomita ɗari a kan jaki da raƙumi, daga baya a kan lori, kafin ta ga tarago. Faransawa ma sai a shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle domin karkatar da gyaɗar Nijar zuwa Kwatano.

A nan ya kamata a tsaya a dubi shi kansa kan jirgin, don a jikinsa matsalar take. Jirgin tururi dabba ce mai ƙishi. Yana ƙona kwal ya tafasa ruwa, tururin ya tura ƙafafu, saboda haka kowane 'yan kilomita gommai sai ya tsaya ya sha. Tashoshi da yawa a dajin Arewa tankin ruwa ne ya haife su, kamar yadda rijiya ta haifi zango. Kwal ɗin kuwa daga Inugu ake kawo shi, ma'ana wani kaso na taragai yana yawo ne da abincin jirgi maimakon kayan 'yan kasuwa. Ga wanke tukunya, ga kwashe toka, ga hura wuta sa'o'i kafin a tashi. Da rani ya tsananta, ruwa ya ja baya, a daidai lokacin da kakar gyaɗa ta taru.

Muna alfahari da dalar gyaɗa, har muna sa hotonta a bangon ofis, kuma ba laifi, domin gumin kakanninmu ne. Amma gaskiyar magana, dala sito ne na dole. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu reluwe ta rasa isassun kawunan jirgi da taragai, buhuna suka riƙa kwana a fili har wata kakar ta tarar da su, ƙwari na ci. Tsayin dala ma'auni ne na yawan amfanin gona, kuma ma'auni ne na gazawar jirgi.

Maganin ƙishin nan a Amurka ya bunƙasa. A 1939 sashen kamfanin General Motors da ke La Grange a jihar Illinois ya fito da kan jirgin dakon kaya mai suna FT, ya zagaya da shi jihohi 35 yana gwada wa kamfanonin reluwe. Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Injin dizal, wato mai shan abin da muke kira gas, yana juya janareta, lantarkin kuma ya tafi ga ƙananan injuna da ke manne da ƙafafun jirgin. Babu tukunya, babu toka, kuma direba ɗaya na iya sarrafa kawuna uku ko huɗu da aka haɗa. A 1949 suka fito da GP7, a 1954 GP9, masu siffar akwati, ba kyau sai aiki, suna jan kaya a babban layi su kuma shiga lungun masana'anta. Zuwa 1960 manyan kamfanonin Amurka sun yi sallama da tururi. Garuruwan da ke rayuwa da tankin ruwa da gyaran tukunya suka bushe, kamar yadda zangunan Azbin suka bushe shekaru hamsin kafin nan.

Najeriya ta fara karɓar dizal daga kamfanin English Electric na Ingila a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa. Kafin shekarun 1950 su ƙare, sai ga na General Motors samfurin G12, ƙanen su GP9 da aka ƙera da rashin nauyi domin siraran layuka irin namu. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, rancensa na farko ga Najeriya, aka ja layi ta Bauci da Gwambe har Maiduguri a 1964. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke kwal ɗin Inugu, wannan ya gaggauta mutuwar tururi. A shekarun 1970 an ƙaro wasu kawunan daga Kanada da kuma General Electric.

Sai dai inji ya iso, kaya sun tafi. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman, kuɗin man fetur ya koma kan kwalta, tirela ta ƙwace abin da ya rage. Wannan ɓangaren kowa ya san shi, ba sai an ja shi ba.

To, a ce wani malamin makarantar fasaha a Zango, ko wani matashi da ya girma yana ƙera motar kara da ta langa-langa, ya so ya ajiye wannan tarihi a kan allo. Shawarar farko ita ce ya bar zancen da'ira. Jirgin da ke zagaye yana bin wutsiyarsa yakan gundiri mai shi cikin mako guda, kuma allo mai ƙafa huɗu yana cinye ɗaki. Ya fi masa ya kafa kanta a jikin bango, faɗin ƙafa ɗaya da rabi, tsawon ƙafa takwas, ya gina tasha ɗaya tak ta ƙarshen layi, irin ta Nguru ko Ƙauran Namoda wajen 1960. Yana bukatar babban layi, da wani a gefensa wanda kan jirgi zai bi ya zagayo bayan taragai, sai rassa biyu ko uku masu ƙarewa: ɗaya a gindin dala kusa da sikeli, ɗaya a shagon fata da ƙirgi, ɗaya a turken lodin shanu. Kan jirgi ɗaya da taragai takwas sun wadatar.

Daɗin abin yana cikin rarraba taragai. Wani Ba'amurke mai suna John Allen ya nuna haka a 1972 da wani ɗan tsari da ya kira Timesaver, inda rassan suke gajeru da gangan, kowanne ba ya ɗaukar fiye da tarago biyu ko uku, sai mutum ya yi ta lissafi kamar mai dara kafin ya kai kowane tarago mazauninsa. Masu wannan sha'awa har kati suke rubuta wa tarago, mai nuna abin da ke ciki da inda za shi. Aikin da magatakardan tasha ke yi ke nan, kuma da ɗan bambanci kaɗan, aikin da madugu ke yi da asuba kafin ayari ya tashi.

Gine-ginen ba sai an sayo ba. Ɓargon kara yana yin buhun gyaɗa, jar ƙasa da ƙaro suna yin katanga, tsohon gwangwanin madara yana yin tankin ruwan da aka daina amfani da shi, wanda ya kamata ya tsaya a gefe domin ya faɗi zamanin da ake ciki. Wuta ma ba matsala ba ce sosai, tunda jiragen nan da bolt 12 suke tafiya, ƙarfin batirin sola. Babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu, domin ta kan ƙarfen layi lantarki ke shiga jirgi, don haka kantar tana son murfi. Shi kuwa G12, wani kamfanin Brazil mai suna Frateschi yana ƙera shi a ma'aunin HO, saura fenti.

Akwai wani abin dariya a nan. Layin HO da ake sayarwa faɗinsa milimita 16.5 ne, wanda ke wakiltar babban layi mai milimita 1,435. Tsohon layinmu mai milimita 1,067, wanda injunan Amurka suka bi, in an rage shi sau 87 yana komawa wajen milimita 12, sai an nemi layi na musamman an kuma matse ƙafafun jirgi. Ashe layin kanti bai dace da jiya ba, da wanda ake ginawa yanzu ya dace.

A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan kusan dala biliyan biyu. Zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, ya cike gurbin da aka bari tun 1930. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na Sin ya gina. Kawunan jirgin da ke aiki a sababbin layukan Abuja zuwa Kaduna da Ikko zuwa Badun ma daga Sin suka fito. An yi ta musu a jaridu a kan ko don Daura mahaifar shugaban ce aka bi ta nan, musun da bai cika burge ni ba, domin hanyar ta girmi duk masu yin sa. Tambayar Armstrong ce ba a cika yi ba. Akwai riɗi da zoɓo da wake, akwai shanun kasuwar Mai'aduwa, akwai kayan Nijar da ke neman teku. Amma iyakar da layin zai tsallaka an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai kanta a Zango da ya zaɓi ya gina tashar Daura ta gobe maimakon ta Nguru ta jiya, layi ba zai ba shi wahala ba, yana nan a kanti. Taragai ne zai dakata da saye, sai ya ga abin da aka fara lodawa.