Ushafa: Garin Da Yumɓu Ya Ɗaga Sunansa

Yau ina so mu ɗan taɓa tarihin Ushafa, ƙaramin garin nan na ƙaramar hukumar Bwari da ke kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Da yawanmu abin da muka sani game da shi bai wuce cewa haya ta fi sauƙi a can ba. Alhali kuwa tun kafin a yi mafarkin gina wannan birni, matan Ushafa suna gina tukwane.

Mutanen garin Gbagyi ne, waɗanda mu muke kira Gwari. A wajensu ginin tukunya sana'ar mata ce, yarinya a gaban uwarta ko gwaggonta take koyo. Za a haƙo yumɓu, a jiƙa, a kwaɓa shi har ya yi laushi. Maginiya ba ta da injin juyawa. Ita ce take zagaya tukunyar, tana ɗora yumɓu murɗe-murɗe, tana shafe shi da hannu har randa ta tashi, bakinta daidai kamar an auna. Kafin ta bushe sai a yi mata ado, a mirgina igiya ko ɗan icce a jikinta, wasu kuma su zana ƙadangare, kunama ko kifi. Gashin ma a fili ake yi, a jera tukwane a lulluɓe su da itace da ciyawa a cinna wuta. Wasu suna yayyafa musu ruwan makuba tun da zafinsu, don su yi duhu su ƙara ƙwari. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa a watan azumi, ranar da babu wutar lantarki, ya san darajar wannan aiki.

Amma kafin Ushafa ta yi suna, wata 'yar Gbagyi ce daga wani garin ta fara kai tukwanen wannan ƙasa idon duniya, kuma a labarinta akwai hannun Bahaushe. Bayan jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu, sannan ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja na asali a 1828, wato Suleja ta yanzu. Kun ga ke nan zamanmu a cikin Gbagyi ba yau ya fara ba. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga randunan Ladi Kwali, mutuniyar Kwali, domin Sarkin yana tara su. Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban Turawa. Matar da ba ta yi boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Ku duba naira ashirin idan ta shigo hannunku. Gaba Janar Murtala ne, wanda gwamnatinsa ta yi dokar kafa sabon babban birni a 1976. Baya kuwa Ladi ce tana aikinta. Ni dai a ganina babu takardar da ta faɗi tarihin Abuja a taƙaice kamar wannan.

Ita Ushafa sa'arta ta zo ne a farkon shekarun 1990, lokacin da aka gina mata cibiyar tukwane ƙarƙashin shirin inganta rayuwar matan karkara na Maryam Babangida. A nan aka haɗa aikin gargajiya da na zamani mai injin juyawa da rufaffen murhu. Sai kuma watan Agusta na 2000, da shugaban Amurka Bill Clinton ya kawo ziyara Nijeriya aka kai shi ƙauyen tare da 'yarsa Chelsea, aka sa masa babbar riga. Daga nan wasu suka koma kiran wurin ƙauyen Clinton, sunan da ni bai taɓa kwanta mini ba. Baƙon wuni ɗaya, yaya za a ce gari nasa ne?

To, ina matsalar take? Kasuwar tukunya ta mutu a gidajenmu. Mahaifina kayan roba da na dalma yake sayarwa, don haka na san yadda lissafin yake: bokitin roba ba ya fashewa a mota, ba shi da nauyi, uwar amarya kuma shi take nema. Yanzu abin da aka fi saye a hannun maginan shi ne tukunyar fure da kayan ado na falo, sai ɗan kasko da tanda da asusu. Yarinyar da ta ga uwarta ta kwana uku kan randa ɗaya, sannan mai saye ya zo yana taya ta da kuɗin da bai kai na mota zuwa Wuse ba, da wuya ta so gadon sana'ar.

Abu na biyu kuma ya fi shafarmu, wato ƙasa. Garin ya cika da baƙi, cikinsu har da mu, ana ta yanka filaye ana zuba bulo. Yumɓu ba a ko'ina ake samunsa ba, yana da wurarensa. Ranar da aka dasa harsashin gida a kan ramin yumɓu, shi ke nan an rufe shi, babu diyyar da za ta dawo da shi.

Shi ya sa nake roƙon 'yan uwa masu sayen fili a wajejen Ushafa da Bwari, ku riƙa tambayar dattawan wurin me ake yi da filin a da, kada ku tsaya ga bakin dillali kawai. Masu shaguna kuma a Dutsen Alhaji da Kubwa, babu laifi a ajiye randa biyu ko uku a gefen robobi. Daga Dutsen Alhaji zuwa Ushafa tafiyar 'yan mintoci ce, kuma matan suna sayarwa a kan sari.