Giginya a Tarihin Kwarin Rima

Cikin itatuwan ƙasar Hausa da wuya a sami wadda ta ɗauki nauyin gari a kanta kamar giginya. Doguwa ce, takan kai mita 25, ganyenta a buɗe kamar mafici. Ta fi son inda ruwa yake kusa a ƙarƙashin ƙasa, watau gefen fadamu irin na Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, inda Magarya da Wurno da Goronyo da Rabah suke.

Bayan da Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, sai ya dage wajen kafa ribaɗi a kan iyakar Gobir. Ya zauna a Magarya, inda Baturen Birtaniya Clapperton ya same shi a 1826, daga baya ya koma Wurno, can ya rasu a 1837. Ribaɗi kuwa gari ne na dindindin, mai ganuwa da masallaci da soraye, soro kuma ba ya rufuwa sai da azara. Daga kututturen giginya ake tsaga ta, an fi son na namiji, domin ya fi tauri, gara kuma ba ta cinsa da sauƙi. Da azara magina ke ɗaura bakan gizo, su lulluɓe shi da ƙasa. A wannan zamani ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da wannan dabara.

To, amma samun azara aiki ne na mai haƙuri. Idan aka binne ƙwallon giginya, sai ya fara tura saiwa can ƙasa kafin ganye ya leƙo, shi ya sa ba ta yarda da dashe. Inda aka shuka ta nan za ta tsufa. Takan yi shekaru tana kwance kamar kaba, dabbobi na cin ganyenta, kafin ta miƙe. Akwai mace akwai namiji, ba a bambanta su sai sun fara fure, azara mai ƙwari kuwa sai bayan shekaru masu yawa. Har wa yau, murucin da ake dafawa a sayar a kasuwa shi ne tsiron ƙwallon, saboda haka duk murucin da aka ci giginya guda ce da ba za ta tashi ba. Hausawa kan yi mata kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta, suna nufin nisan wuri. Tarihi ya nuna har da nisan zamani: kaka ke shukawa, jika ya yi rufi.

Ran 15 ga Maris 1903 rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta kara da Turawa a bayan birnin Sakkwato, a filin da ake kira Giginya. Daga baya sunan ya hau kan barikin soja da otal da filin wasa na birnin. Sai dai yayin da sunan ke ƙara ɗaukaka, darajar itaciyar raguwa ta yi. Kwano da siminti suka maye gurbin rufin soro, madatsar Goronyo da aka gama a 1984 ta sauya yadda ruwa ke malala a fadama, aka ci gaba da sara, masu shuka suka yi ƙaranci.

A yankin Gaya ta Nijar, inda dajin giginya na Dallol Mawuri yake, an fara danƙa kula da shi ga mutanen ƙauyuka a shekarun 1990, aka ɗaure sara da sharaɗin renon masu tasowa. Wannan abin koyi ne ga kwarin Rima. Tsofaffin soraye ba su gyaruwa sai da azara, azarar da za a nema nan da shekara 50 kuwa, yau ya kamata a binne ƙwallonta.