Hurumin Birnin Niyok da Waɗanda Suka Riƙe Amanarsa

A wata safiya ta watan Afrilu na shekarar 1956, direban wata katafila da aka aiko ya tumɓuke itatuwa a gefen yamma na lambun Central Park, wanda ke shimfiɗe a tsakiyar tsibirin Manhattan na birnin Niyok, ya tarar da matan unguwar sun yi sahu a gabansa, kowace da keken jaririnta, sun ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za su gusa ba. Dalilin fitowarsu kuwa shi ne, Robert Moses, kwamishinan lambunan birnin, mutumin da a zamaninsa ko magajin gari yakan yi shakkar yi masa musu, ya ƙudura zai mai da wani ɗan kwari da yara ke wasa a cikinsa filin ajiye motoci domin baƙin wani gidan cin abinci na masu hali. Da ya ga rana ta gagare shi, sai ya aiko da ma'aikata cikin dare suka kewaye wurin suka sare itatuwa; gari na wayewa hotunan mata masu kuka suka cika jaridu, kotu ta dakatar da aikin, kafin bazara ta wuce Moses ya janye, ya gina wa yara wurin wasa a filin. Ba a kafa wata ƙungiya mai ɗorewa a wannan rana ba, amma daga nan mutanen birnin suka fahimci cewa abin da ake kira na jama'a, idan jama'ar ba su tsaya a kansa da ƙafafunsu ba, mai muƙami zai sarrafa shi kamar gadon gidansu.

Shi dai wannan lambu, mai faɗin eka 843, ba daji ba ne da aka tarar aka killace, domin kusan duk abin da ido ke gani a cikinsa, tun daga tafkuna har zuwa tuddai da kwaruruka, hannun ɗan Adam ne ya tsara shi, bisa taswirar da Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka ci gasa da ita a 1858, bayan majalisar jihar ta ba da izinin karɓar filin a 1853. Adalci ya wajabta a ambaci cewa filin ba kango ba ne: mutum wajen 1,600 aka tasa, cikinsu har da mazauna Seneca Village, ƙauyen da baƙaƙen fata 'yantattu suka fara sayen filaye a cikinsa tun 1825, suka gina majami'u da makaranta, aka rushe shi a 1857. Wato tun ranar farko an gina maslahar jama'a a kan asarar waɗansu daga cikin jama'ar, kuma wannan tabo, kamar yadda za mu gani, ya sake bayyana da wata kama.

Malaman fiƙihu, idan suna bayanin waƙafi, sukan daɗe a kan sharuɗɗan nazirin da zai kula da shi fiye da yadda suke daɗewa a kan falalar wanda ya bayar, kuma tarihin Central Park hujja ce a gare su. Lambun da aka ƙera da hannu, da hannu ake raya shi. Da zarar an daina yashe magudanan ruwa da sassabe da dashe, ruɓewa zai fara. Ya lalace a farkon ƙarni na 20, har a shekarun karayar arziki na 1930 marasa galihu suka kafa bukkoki a cikin tsohuwar matattarar ruwansa da aka tsiyaye. Moses ya karɓe shi a 1934 ya gyara da kuɗin gwamnatin tarayya, ya sauka a 1960, sai lambun ya sake gangarawa. Zuwa 1975, shekarar da baitulmalin birnin ya kusa durƙushewa aka sallami dubban ma'aikata, babban filin ciyawa ya koma ƙura a lokacin zafi da taɓo a lokacin ruwa, bencina sun kakkarye, fitilu sun mutu, gine-ginen dutse sun sha fentin 'yan zane-zane, mutumin kirki kuma ba ya shiga bayan magariba. Ma'aikata suna nan a takarda, amma babu mutum guda da za a nuna a ce shi ke da alhakin wannan bishiya ko wancan tafki.

A cikin wannan hali ne ƙananan ƙungiyoyin sa kai suka ɓullo. Wasu attajirai biyu, Richard Gilder da George Soros, suka kafa asusu, suka ɗauki nauyin wani bincike da E. S. Savas na Jami'ar Columbia ya jagoranta, wanda ya kammala da cewa cutar lambun ta rashin shugabanci ce kafin ta zama ta rashin kuɗi, ya kuma ba da shawarar a naɗa mutum guda mai cikakken iko, tare da majalisar amintattu daga cikin 'yan gari. A ɗaya gefen akwai wata ƙungiya mai tara matasa da 'yan sa kai suna shara da shuka, ƙarƙashin Elizabeth Barlow, 'yar asalin Texas wadda ta karanta tsarin birane a Jami'ar Yale ta kuma rubuta littafi a kan ayyukan Olmsted. A 1979 kwamishina Gordon Davis, a zamanin magajin gari Ed Koch, ya naɗa ta mai kula da lambun, a ƙarshen 1980 kuma aka haɗe ƙungiyoyin biyu suka zama Central Park Conservancy, da William Beinecke a kujerar shugaba. Lambun ya ci gaba da zama mallakar birni, ƙungiyar kuwa ta ɗauki neman kuɗi da aikin gyara.

Hikimar Barlow, a ganina, ita ce ba ta fara da roƙon a ba ta miliyoyi domin gyara komai a lokaci guda ba. Ta fara da wuraren da ido zai gani ya gaskata: wani ɗan gini na zamanin Olmsted da aka mai da shi ɗakin karɓar baƙi, da filin nan da tumaki suka yi kiwo a cikinsa har 1934, wanda aka sake shimfiɗa masa ciyawa, sannan hasumiyar Belvedere da aka sake buɗewa a 1983. Mai bayarwa, idan ya ga inda sisinsa ya shiga, hannunsa yakan ƙara sakewa. Yoko Ono ta ba da dala miliyan 1 aka raya kusurwar da ake tunawa da mijinta John Lennon, aka buɗe ta a 1985. A 1986 aka fara tsarin da mutum zai biya kuɗin kula da benci guda a liƙa masa ɗan allo da sunan wanda yake ƙauna, wanda ya yi kama da abin da mu muke kira sadaka mai gudana. A 1993 Gilder ya yi alkawarin dala miliyan 17 bisa sharaɗin birni da sauran jama'a kowanne ya kawo kwatankwacinta.

Amma abin da ya fi duk waɗannan kyaututtuka tasiri bai ci kuɗi mai yawa ba. A 1996 aka yanka lambun gida 49, aka damƙa kowane yanki ga mai lambu guda wanda aka san sunansa, tare da 'yan sa kai da ke zuwa masa a ranaku ƙayyadaddu, tsofaffi da suka yi ritaya da ɗalibai da ma'aikatan ofis, suna cire ciyayi, suna kwashe ganye, suna zuba taki. Wanda ya san aikin gayya ya san bambancin da ke tsakanin ranar da aka ce kowa ya fito gona, da ranar da aka ce wane, ga kunyarka daga nan zuwa can. A ta farko ana yin hayaniya, a ta biyu ake yin noma. Farillar da aka ɗora wa kowa da kowa, wadda idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, ita ce wadda kowa ke jiran wani ya yi. Tsarin yankunan nan ya mai da ita farilla a kan mutum sananne, wanda masu yawo da karnukansu kowace safiya za su iya tsayar da shi su tambaye shi dalilin da ya sa reshen nan bai gusa ba tun jiya. A 1998 birnin ya sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa ƙungiyar tafiyar da lambun a hukumance, yau ita ke samar da mafi yawan kuɗin da ake kashe masa, masu ziyara kuma sun haura miliyan 40 a shekara. Wasu suka kwaikwaya: lambun Prospect na Brooklyn ya sami tasa ƙungiyar a 1987, a 1999 kuma mutum biyu, Joshua David da Robert Hammond, suka tashi ceton wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ke bisa ginshiƙai, wadda aka buɗe a matsayin lambun High Line a 2009.

To, sai dai Central Park maƙwabcin attajiran duniya ne, waɗanda tagoginsu ke kallonsa, darajar gidajensu kuma ke hawa da kyansa, saboda haka kyautarsu, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, ba ta rasa ribar da ke komawa gida. A 2012 mutum guda, John Paulson, ya ba shi dala miliyan 100, alhali birnin na da lambuna da filayen wasa sama da 1,700, kasafin hukumarsu kuma ya daɗe bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin birni ba. Masu suka suna cewa, kuma ban ga yadda za a kore maganarsu ba, da masu faɗa a ji suka gyara lambun ƙofar gidansu da aljihunsu, sai suka rasa dalilin matsa wa hukuma ta gyara na Bronx da gabashin Brooklyn. 'Yan sa kai na unguwannin talakawa sun yi nasu jihadin da hannu wofi: a 1973 Liz Christy da abokanta suka fara mai da kangayen da aka cika da juji lambunan unguwa, da magajin gari Rudolph Giuliani ya sa sama da 100 daga cikinsu a gwanjo a 1999, sai da ƙungiyar da mawaƙiya Bette Midler ta kafa da wata ƙungiyar kare filaye suka saye su ana jajibirin gwanjon. A 2014 gwamnatin magajin gari Bill de Blasio ta ware dala miliyan 130 domin ƙananan lambuna 35 na unguwannin talakawa da aka yi shekaru 20 ba a kashe musu wani abin kirki ba. Shi kuwa Seneca Village, masu binciken tarihi sun haƙa wurinsa a 2011, suka tono tukwane da kwanoni da takalmin wani yaro, a 2019 kuma ƙungiyar lambun ta kafa alluna a inda gidajen da majami'un suka taɓa tsayawa.